Kuɗin Turawa ne ko tsari? Yadda ake tafiyar da sakandaren Lutheran

Tun da makarantu suka fara dawowa a Gadarif, nan Sudan, bayan doguwar rufewar da yaƙi ya jawo, maganar da ta fi yawo a ƙofar masallaci da wurin mai shayi ita ce ta kwamitin makaranta. Wa ya zaɓe su? Kuɗin da 'yan'uwa ke turowa ta manhajar banki ta Bankak daga Jidda da Riyad, a lissafin wa suke kwana? In mudir, wato shugaban makaranta, ya ƙi jin maganar kwamiti, wa ke da ikon cire wani? A wata unguwa da na sani, rigimar ta kai har mutum biyu da suka shekara talatin suna cin tuwo a akushi ɗaya yanzu gaisuwa ma da ƙyar.

Ana cikin haka ne wani ƙanena da ke tuƙi a Amurka ya turo mini rahoton shekara na wata sakandaren 'yan Lutheran ta garin da yake zaune, ya ce in duba yadda suke yi. Na karanta wa mutane wani sashe bayan La'asar. Wani dattijo ya katse ni, ya ce: "Ustaz, rabu da su. Kuɗin Turawa ke riƙe da su. A ba mu irin kuɗinsu ka ga aiki." Na ce: "Baba Alhaji, ai da kuɗi kaɗai ne, da ba a taɓa rufe ko ɗaya daga cikin makarantunsu ba." Wani kuma ya ce me ma ya kai mu leƙen makarantar coci. Ban iya amsa su duka a zama ɗaya ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

Su wane ne, kuma me ya haɗa su da makaranta

Lutheran ɗarika ce ta Kiristoci da ta samo suna daga Martin Luther, malamin addini Bajamushe da ya ɓalle wa cocin Katolika bayan rigimar da ta faro a Wittenberg a 1517. Aƙidarsa ta cewa kowane mabiyi ya karanta littafi mai tsarki da kansa, a harshensa, ita ta ja shi zuwa batun karatun yara. A 1524 ya rubuta wa masu mulkin biranen Jamus wasiƙa yana neman su buɗe makarantu su kuma riƙe su, na maza da na mata. A 1530 ya sake yin wa'azi kan iyayen da ke cire 'ya'yansu daga karatu don su kama sana'a da wuri. Wanda ya san yadda ajinmu ke zama fayau lokacin yankan riɗi ba zai ji wannan ƙorafi baƙo ba.

Jamusawan da suka yi hijira Amurka sun tafi da wannan ɗabi'a. Reshen da ake kira na Missouri, wanda aka kafa a 1847, yana da ɗaya daga cikin manyan jerin makarantun coci a ƙasar, ciki har da sakandare wajen ɗari. Sun taɓa shan wuya kan harshe ma: bayan yaƙin duniya na farko jihar Nebraska ta hukunta wani malamin makarantar Lutheran saboda ya koya wa yaro karatu da Jamusanci, sai da kotun ƙolin Amurka ta soke hukuncin a 1923.

A nan Sudan ba su da yawa. Makarantun mishan da iyayenmu suka sani su ne irin Comboni ta Katolika da aka buɗe a Khartoum a 1929. Amma akwai inda sunanmu ya shiga tarihinsu ta bayan gida. Babbar ikilisiyar Lutheran ta arewacin Najeriya, mai hedikwata a Numan ta jihar Adamawa, ta faro ne da zuwan likita ɗan Denmark, Niels Brønnum, a 1913, kuma sunanta na farko da ta tsaya da ƙafarta a shekarun 1950 yana ɗauke da kalmar "Sudan". Ba tamu ake nufi ba. Turawan lokacin suna kiran duk shimfiɗar ƙasar da ke kudu da Sahara da wannan suna, wadda kakanninmu suka ratsa da ƙafa zuwa gabas. Da Hausa suke yawancin ibadarsu a can, kuma shugabansu, Akbishop Musa Panti Filibus, ya riƙe shugabancin tarayyar Lutheran ta duniya daga 2017 zuwa 2023.

Wa ke da makarantar?

Nan ne kan maganar. Ikilisiya ɗaya tana iya riƙe firamare, amma sakandare na bukatar ɗakin gwaje-gwaje, malamin kimiyya daban, na lissafi daban, filin wasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Don haka a Amurka abin da aka fi yi shi ne ikilisiyoyi da dama na gari ɗaya su haɗu su kafa ƙungiya, su yi mata rajista da tsarin mulki a rubuce. Ƙungiyar ce mai makarantar. Ba fasto ba, ba shugaban makaranta ba, ba attajirin da ya ba da fili ba. Haka aka yi a Milwaukee, inda aka buɗe sakandaren Lutheran tun 1903.

Iko kuma hawa uku ne.

A hawan farko akwai taron wakilai. Kowace ikilisiya tana turo nata, bisa adadin da tsarin mulkin ya yanka mata. Sukan zauna sau ɗaya ko biyu a shekara. Aikinsu kaɗan ne amma mai nauyi: su zaɓi hukumar gudanarwa, su saurari rahoton shekara, kuma su ne ake komawa gare su kan manyan abubuwa kamar sauya tsarin mulki ko sayar da kadara.

Hawa na biyu ita ce hukumar. Mutane ne 'yan sa-kai da ba su karɓar albashi, fastoci da sauran mabiya a gauraye, kowa da wa'adinsa, kuma a wurare da yawa an ƙayyade sau nawa mutum zai iya maimaitawa. Ba a sauya su gaba ɗaya rana guda. Wasu na fita wasu na shiga, don kada a wayi gari babu wanda ya san inda aka kwana. Su ke tsara manufa, su amince da kasafi, su ɗauki shugaban makaranta, su auna aikinsa duk shekara, in ta kama su sallame shi.

Hawa na uku shi ne shugaban, wato mudir a bakinmu. Jadawali, tarbiyya, rabon azuzuwa, sayen alli, kiran uban yaron da ya yi laifi, duk nasa ne.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina, ni da na yi shekaru a aji, wata ƙa'ida ce da hukumomi da yawa irin waɗannan ke bi: hukuma da baki ɗaya take magana, kuma a zaune. Ɗan hukuma in ya fito daga ɗakin taro ya koma mutum kamar kowa. Ba shi da hurumin shiga aji ya ce wa malama ta mayar da ɗansa benci na gaba, ko ya kira ma'aji ya ce a ɗaga wa ɗan maƙwabcinsa ƙafa. In yana da ƙorafi, ya kai teburin taro, a tattauna, a rubuta. Haka shi ma mudir ba shi da ikon cin bashi da sunan makaranta ko taɓa ajiyar da aka ware sai da izinin hukuma. Na taɓa koyarwa a wata makaranta inda shugaban kwamiti kan zo da safe da sandarsa ya tsaya a bakin ƙofa yana duba malamin da ya makara, mudir na kallo ta taga. Mutumin kirki ne, da zuciya ɗaya yake yi, amma cikin shekara guda malamai suka gane cewa mudir hoto ne, kowa ya koma kai ƙara gidan shugaban kwamiti da dare. A ganina rabin rigingimun kwamitocinmu daga nan suke tasowa: mai sa ido ya koma mai tuƙi, sai aka rasa mai sa ido.

Akwai wani abu nasu da ba shi da kwatankwaci sosai a wurinmu. Malamansu kashi biyu ne. Akwai waɗanda aka ɗauka da kwantiragi, akwai kuma "kirarru", waɗanda suka yi karatun addini a kwalejojin cocin aka kuma kira su aiki a matsayin masu hidimar ikilisiya, ko da lissafi suke koyarwa. Wannan rabo ya kai har kotun ƙoli. A 2012, a shari'ar makarantar Hosanna-Tabor, wata kirarriyar malama da aka sallama bayan rashin lafiya ta nemi kariyar dokar aiki, alƙalai tara baki ɗaya suka ce gwamnati ba za ta tsoma baki kan wanda coci ya zaɓa ko ya sauke daga hidimarsa ba. Masu makarantu suka ce an kare 'yancin addini. Masu kare haƙƙin ma'aikata suka ce an bar malamai ba garkuwa. Duka biyun suna da abin faɗa.

To kuɗin fa?

Baba Alhaji bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Aikin Numan da taimakon mutanen Denmark ya tashi. Makarantar Talitha Kumi da ke Beit Jala a Falasɗinu, wadda asalinta ya koma 1851, har yau tana da goyon baya daga Jamus, kuma ɗimbin ɗalibanta Musulmi ne. Inda mabiya ba su da ƙarfi, kuɗin waje na taka rawa.

Sai dai makarantar da ƙanena ya turo rahotonta ba ta da wasu Turawa a bayanta. Su ne Turawan. Irin waɗannan makarantu da ƙafa uku suke tsaye: kuɗin makaranta da iyaye ke biya, wanda shi ne mafi girma, gudummawar ikilisiyoyin ƙungiya daga baikon da mabiya ke bayarwa, wadda saboda ita ne ake yi wa 'ya'yansu rangwame, sai kyautar tsofaffin ɗalibai da masu hali, tare da ajiyar da ake juyawa a ci ribarta ba a taɓa uwar kuɗin ba. Wannan ta ƙarshen waƙafi ne, suna kawai ya bambanta.

Ƙafa ta huɗu ta shigo daga baya a wasu jihohi. A 1990 aka fara wani shiri a Milwaukee inda gwamnati ke biya wa 'ya'yan marasa ƙarfi kuɗin makarantar kuɗi, kuma daga 1998 makarantun addini suka shiga. Azuzuwan da suka fara zama kango suka cika. Amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Kuɗin gwamnati na zuwa da sharuɗɗa da bincike, kuma makarantar da yawancin kujerunta suka dogara da shi, ranar da 'yan majalisa suka sauya ra'ayi ita ma ta girgiza. Sannan yawancin sababbin ɗaliban ba 'yan Lutheran ba ne, sai muhawara ta tashi a cikin gida: makarantar ta 'ya'yan ikilisiya ce, ko ta duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa?

Yadda ake karanta rahoton shekara

Rahoton iri biyu ne, kuma rashin bambance su ke rudar mutane. Akwai mai sheƙi, cike da hotunan yara na dariya da kofunan ƙwallo, wanda ake aika wa masu ba da gudummawa. Wannan talla ne, ba laifi. Akwai kuma wanda ake ajiyewa gaban wakilai, mai lissafin da wani akanta na waje ya bincika ya sa hannu. Wanda ƙanena ya turo na farkon ne, amma ko a cikinsa akwai shafi biyu na alƙaluma, kuma su na fi daɗewa a kai.

Yawan ɗalibai shi kowa ke fara dubawa, shi ne kuma ya fi yaudara. Jimilla ba ta faɗin komai sai an raba ta aji-aji. In ajin ƙarshe ya cika maƙil, ajin farko kuma rabi, makarantar tana raguwa ko da jimillar bana ta yi daidai da ta bara. Sai kuma a tambaya: cikin waɗanda suka gama shekara, nawa suka dawo? Iyaye ba su cika zuwa taro su yi ƙorafi ba. Cire yaro suke yi shiru.

Sakamakon jarrabawa ma haka. Mu da muka saba ganin makarantun kuɗi na liƙa allon "nasara ɗari bisa ɗari" bayan fitowar sakamakon shahada, wato jarrabawar kammala sakandare, mun san dabarar. A ɗauki misali kawai: yara sittin suka shiga ajin farko, aka yi ta tankaɗe su a hanya, talatin da biyar suka zauna jarrabawa, duka suka ci. Allon bai yi ƙarya ba, amma ina ashirin da biyar ɗin? Rahoton kirki yakan bi ayarin da ya shiga tare har ya fita.

A ɓangaren kuɗi, tambayar farko ita ce nawa ake kashewa kan ɗalibi ɗaya, nawa kuma yake biya. Tazarar da ke tsakani ita ce ramin da sai an cike shi duk shekara, kuma dole a ga da me aka cike na bana. In wani bawan Allah ne ya rasu ya bar wasiyya, to lissafi zai yi kyau bana, baɗi kuma ramin na nan. Sai bashi. Sai gyaran da aka ɗage, domin makaranta na iya nuna rarar kuɗi ta hanyar ƙin taɓa rufin da ke yoyo. Sai malamai nawa suka ajiye aiki, wanda shi ne alƙalamin da na fi yarda da shi a kan duk sauran.

Sannan akwai ido na waje. Reshen Missouri yana da hukumar tantance makarantunsa, kuma zagayen shekara biyar take yi. Makaranta za ta fara binciken kanta ta rubuta inda take da rauni, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai tawagar malamai daga wasu makarantu ta zo ta kwana biyu tana shiga azuzuwa, tana jin ta bakin iyaye da ɗalibai. Daga nan a fitar da jerin gyare-gyare, kuma kowace shekara makarantar ta aika bayanin wanne ta yi, wanne ya rage. Ma'anar "ci gaban shekara" ke nan a wurinsu: a ɗauko alkawarin bara a karanta shi da ƙarfi kafin a yi sabo.

Inda tsarin ke ɗingishi

Takarda ba ta zuwa taro. In ikilisiyoyi suka tsufa, matasa suka bar gari, sai wakilai su daina halarta, hukuma ta koma tana zaɓen kanta da kanta. In aka sami mudir mai ƙarfin hali da ya daɗe, hukumar kan koma 'yan amshin shata. Saɓanin aƙida ma na raba su: sakandaren Milwaukee ta 1903 a 1955 aka raba ta biyu, kowane reshe ya kama tasa. Kuma tsari bai hana mutuwa ba. Kwalejojin Concordia na reshen Missouri guda uku sun rufe cikin 'yan shekaru: ta Selma a 2018, ta Portland a 2020, ta New York a 2021.

Babban gibin a wurina shi ne na iyayen da ba 'yan ikilisiya ba. Suna biyan kuɗi, wani lokaci fiye da 'yan gida, amma ba su da ƙuri'a a taron wakilai. Wasu makarantun sun ware musu kujera a hukuma, wasu sun ƙi, suna tsoron kada makarantar ta sauya kama.

Abin da ya shafe mu

Sai an fara raba makarantar gwamnati da ta jama'a. A ta gwamnati, ma'aikatar ilimi ce ke naɗa mudir, majalisar iyaye tallafi take yi, ba ta da ikon cire shi, duk da cewa tana da cikakken haƙƙin sanin inda kuɗinta ya shiga. Misalin Lutheran ya fi dacewa da makarantar da jama'a suka gina da gayya suka nema mata lasisi.

Ba kuma baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a a 1907, daga ita jami'ar mata ta Ahfad ta tsiro. Mutanen Omdurman sun haɗa kuɗi sun kafa makarantar Ahliyya a 1927. Ƙungiyar waɗanda suka yi karatun zamani da aka kafa a 1938 ta yi ta tara gudummawar gina makarantu. Haɗa kai mun iya, kuma waɗanda suka ciyar da unguwanni daga tukunyar takiyya, wato girkin sadaka na unguwa, a tsakiyar yaƙi ba sai an koya musu ba. Abin da muke ƙyashi shi ne rubutawa, don a wurinmu neman rasidi daga dattijo kamar zarginsa ne da sata. Ga shi kuwa dattijon shi ya fi kowa bukatar rasidin, domin ranar da tsegumi ya tashi ba shi da abin nunawa sai rantsuwa.

Masallatai huɗu ko biyar na unguwa za su iya zama abin da ikilisiyoyin nan suke: masu makaranta, masu turo wakilai. Sai dai ma'aunin ci gabanmu ba zai zama nasu ba. Ɗaliban da ya kamata su zauna shahada a 2023 sai ƙarshen Disamban 2024 suka samu zama, wasu a jihar da ba tasu ba, wasu ba su samu ba sam. Makarantu da yawa a nan sun zama masaukin 'yan gudun hijira. Kwatanta sakamakon bana da na kafin yaƙi zalunci ne ga malamai. Abin da za a ƙirga shi ne yara nawa suka dawo, musamman 'yan mata, kwana nawa aka yi karatu, wata nawa malami ya karɓi haƙƙinsa. Kasafin ma in an rubuta shi da fam kaɗai, faɗuwar darajar kuɗi za ta sa ya yi kamar ya ninka alhali ya ragu. Gara a rubuta a gefe buhun dawa nawa albashin malami ke saye bara, nawa yake saye bana.

Gibin nan na iyayen da ba su da ƙuri'a kuwa, tuni ya iso mu. A zaman da aka yi na ƙarshe, wata Hajja da ta taso daga Madani da jikokinta a ƙarshen 2023 ta aiko daga ɓangaren mata a tambaya mata. Ta ce: "Ku tambayi 'ya'yana na kwamiti, mu da muka zo jiya, muna da hannu a zaɓen, ko kuɗin wata kawai ake so mu kawo?" Aka yi shiru. Shugaban kwamiti ya ce a gaya wa Hajja maganarta na kan hanya, sannan aka ɗage zaman sai bayan an gama yankan riɗi.